Labarin Ivan Pavlov, Mai Ƙidayar Yawun Kare

Ran da malaminmu na ilmin halin ɗan Adam ya fara ambaton Pavlov a aji, dariya muka yi. Ya ce wani Bature ne a ƙasar Rasha da ya kan kaɗa ƙararrawa, kare ya yi ta dalalar da yawu. Wani abokina da ke zaune baya ya raɗa mini cewa in dai wannan shi ne ilmi, to, kakarsa ma shaihiya ce, gama kajinta da sun ji ƙarar ƙwarya sai su sheƙo a guje. Na rubuta abin da aka ce a rubuta domin jarrabawa, na rufe littafi, ban sake tunawa da shi ba.

Abin da ya komo da ni kan mutumin nan kuwa wata yarinya ce da na samu a aji uku, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa na mako shida. Zan zo kan labarinta. Amma saboda ita ne na shiga ɗakin karatu na nemi tarihin Pavlov, na tarar ashe rabin abin da mu ke faɗi game da shi ba haka ya ke ba, har ƙararrawar ma.

An haife shi a shekarar 1849 a wani gari da a ke kira Ryazan, kudu maso gabas da Mosko. Ubansa limamin coci ne, Ivan kuwa shi ne ɗan fari. Ya iya karatu tun yana ƙarami, amma ya faɗo daga kan katanga ya bugu ƙwarai, har bai shiga makaranta ba sai da ya kai shekara 11. Daga makarantar coci ya wuce makarantar koyon aikin limanci, kowa na tsammani zai gaji ubansa. A can ne wani ɗan littafi ya faɗa hannunsa, wanda wani likita mai suna Sechenov ya rubuta a 1863. Maganar littafin ita ce, har tunanin mutum ma aikin jijiyoyi ne, ana kuwa iya bincikensa kamar yadda a ke binciken bugun zuciya. Saurayin nan ya kasa barci a kan wannan magana. A 1870 ya bar makarantar bai gama ba, ya tafi jami'ar Petersburg koyon yadda jikin mai rai ke aiki.

Mu da yawancinmu iyayenmu suka sa mu makaranta da wani buri nasu, mun san nauyin irin wannan tafiya. Ba na jin an yi murna a gidan liman ran nan.

Ya gama jami'a a 1875 da lambar zinariya, ya ƙara da karatun likita, ya gama a 1879. Bai yi sha'awar duban marasa lafiya ba, ɗakin gwaji ne gidansa. A 1881 ya auri wata malama mai suna Serafima. Shekarun farko na aurensu talauci ne tsantsa. Wani lokaci ba su da kuɗin hayar ɗaki, sai ita ta zauna wurin dangi, shi ya kwana a ɗakin gwaji. Ɗansu na fari ya rasu yana jariri. Pavlov bai iya riƙon kuɗi ba ko kaɗan, matar ce ta ɗauke masa wannan har ƙarshen ransa. Daga 1884 zuwa 1886 ya je Jamus ya ƙaro sani wurin manyan malamai biyu, Ludwig da Heidenhain. Bai sami tsayayyen aiki mai albashin kirki ba sai 1890, yana da shekara 41. Wanda ke ganin ya makara a cikinmu, ya lura da wannan.

To, ga abin da ba a cika faɗa mana ba. Sunan da Pavlov ya fara yi a duniya, ba a kan koyo ko ƙwaƙwalwa ya yi shi ba, a kan ciki ne. So ya ke ya san yadda abinci ke narkewa. Kafinsa, masu bincike su kan yanka dabba su duba cikinta tana bakin mutuwa. Shi kuwa ya ce dabbar da ke mutuwa ba za ta nuna yadda mai lafiya ke aiki ba. Gwanin fiɗa ne na gaske, yana aiki da hagu kamar yadda ya ke yi da dama. Sai ya riƙa yi wa kare fiɗa da tsabta irin wadda a ke yi wa mutum a asibiti, ya ware wani ɗan sashe na tumbinsa kamar aljihu, ya fid da ɗan bututu waje. Kare ya warke, ya ci gaba da zamansa, ruwan tumbin na ɗiga cikin kwalba ana aunawa. Wani karen kuma aka huda masa maƙogwaro yadda in ya haɗiye nama sai ya faɗo waje, bai kai ciki ba. Duk da haka tumbi ya kan zubo da ruwansa. Watau ke nan baki da hanci sun aika wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuma ta aika wa tumbi ta jijiya cewa ya shirya. Ruwan nan har sayar da shi suka riƙa yi wa masu ciwon ciki, kuɗin ya taimaki ɗakin gwajin. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1904, shi ne mutumin Rasha na farko da ya same ta.

Yana da shekara 55 a lokacin. Wani da sai ya miƙe ƙafa ya ci arzikin sunansa. Amma akwai wani abu da ya daɗe yana ɓata masa lissafi. Karnukan da suka saba da ɗakin ba su jiran nama ya taɓa harshensu. Da sun ga akushi, ko sun ji takun yaron da ke kawo abinci, sai yawu ya fara zuba. Takun ƙafa ba abinci ba ne. Me ya haɗa kunne da yawu?

Amsar da kowa zai bayar ita ce, kare ya tuna, ya sa rai, yana marmari. Wani almajirinsa ma haka ya ce, suka yi ta gardama. Pavlov ya ƙi. A ganinsa babu mai iya shiga zuciyar kare ya gano abin da ya ke ji, amma ɗigon yawu kowa na iya ƙirgawa. An ce har tara ya sa wa duk ma'aikacin da ya kuskura ya ce kare yana so ko yana tunani. Aka yi wa karnuka 'yar fiɗa a kumatu yadda yawun zai biyo bututu, aka tsai da su kan tebur cikin ɗamara, aka shiga ƙirga. Shekara fiye da 30 ya yi yana wannan ƙirga, shi da almajirai masu yawan gaske.

Ga abin da suka gano, a taƙaice. Akwai amsar da jiki ke bayarwa wadda aka haife shi da ita: nama a baki, yawu ya zo, haske a ido, ƙwayar ido ta tsuke. Ba wanda ya koya wa jiki wannan. Bari mu kira ta amsar haihuwa. Amma in wani abu da ba ruwansa da abinci ya riƙa zuwa gab da abinci, yau da gobe, sai shi kaɗai ya isa ya jawo yawu. Wannan ita ce amsar sabo. Sharaɗinta shi ne alamar ta riga abincin zuwa. In abinci ya riga ta, da ƙyar a ke samun kome. Ƙararrawar da mu ke ta ambato kuwa, ba ita suka fi amfani da ita ba. Sun fi yin aiki da wani ɗan akwati mai sanda da ke kaɗawa ƙas, ƙas, ƙas kamar agogo, wanda masu koyon kiɗa ke daidaita bugu da shi. Sun yi da fitila, da ƙugin lantarki, da taɓa fatar kare. Da ya ga ko motsin mutum a waje na ɓata gwaji, sai aka gina masa wani gini mai kaurin bango da ba ya shigar da ƙara, mai gwajin ma yana wani ɗaki dabam, kare ba ya ganinsa.

Kakar abokina ta san kaji na zuwa in sun ji ƙwarya, gaskiya ne. Abin da ba ta tsaya ta auna ba shi ne yadda sabon ke mutuwa, da yadda ya ke tashi. In aka yi ta kaɗa akwatin nan ba a ba da nama, yawu ya kan ragu har ya ƙafe. Sai ka ce an manta. Amma a bar karen ya huta, gobe a sake kaɗawa, sai ga yawu ya komo. Ashe ba gogewa aka yi ba, danne shi aka yi, kamar garwashin da toka ta rufe. Sa'an nan kuma karen da ya saba da wani sauti ya kan amsa wa duk sautin da ya yi kama da shi. Hausawa sun riga sun faɗi wannan, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yanzu bari in komo kan yarinyar nan. Shekarunta ba su fi tara ba. Ran kasuwa na gan ta da idona tana sayar wa uwarta da gyaɗa, tana ba da canji ba kuskure, tana yi tana hira. Amma a aji in na kira ta gaban allo, ko biyu a tara da uku ne, sai ta sandare, leɓenta na rawa. Na ɗauka taurin kai ne. Wata rana har na daka mata tsawa, abin da har yanzu ina jin kunyarsa. Sai ran nan na ɗauki doguwar rula zan ja layi a allo, ban ma dubi wajenta ba, na hangi ta ɓoye hannuwanta ƙarƙashin benci. Da na bincika wurin 'yan ajin, suka ce wanda ya koya musu lissafi a bara da gefen rula ya ke bugun yatsu, kowane kuskure bugu ɗaya. Mutumin nan ya yi nufin koya mata lissafi. Abin da jikinta ya koya shi ne, allo da alli da rula alamun zafi ne. Ni ban taɓa dukanta ba, amma ni ne tsumman.

Na ɓoye rular cikin kabad. Na bar kiranta gaba, na riƙa zuwa bencinta da 'ya'yan gyaɗa da marafan kwalba muna saye da sayarwa. A mako na huɗu ta fara ɗaga hannu daga inda ta ke zaune. Na yi murna na ce na gama. Aka yi hutun kwana uku, muka komo, na kira ta allo, sai ga ta ta sandare kamar ran farko. Da ban karanta labarin yawun da ke komowa ba, da na fid da rai na ce yarinyar ba ta da kai. Muka sake farawa, wannan karo kuwa bai ɗauki kwanaki da yawa ba. Mako shida ya cika na taho, ban san hannun wanda ta faɗa ba bayana.

Wani gwajin da aka yi a ɗakin Pavlov ya fi kowane tsaya mini a rai. Da ma sun gano hanyar tambayar dabba abin da ta ke gani ko ta ke ji, ba tare da ta yi magana ba. A ba da nama bayan wannan sauti, a hana bayan wancan, in yawu ya bambanta, to, kunne ya bambanta su. Ta haka suka tabbatar kare na jin siririn sautin da kunnen mutum ba ya kamawa. Pavlov ya kan ɗauki ido da jijiyarsa da sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon a matsayin abu guda, gama ido ƙofa ce kawai, a ƙwaƙwalwa a ke gani. To, wata almajirarsa ta koya wa kare cewa da'ira alamar nama ce, siffar ƙwai kuwa ba kome. Kare ya iya sarai. Sai ta riƙa kumbura ƙwan kaɗan kaɗan yana kusantar da'ira, har tsawonsa da faɗinsa suka zama kamar 9 da 8. Nan kare ya kasa. Ba kasawa kaɗai ba, halinsa ya sake. Karen da ke tsayawa lafiya ya shiga kuka, yana fizge-fizge, yana cizon kayan aiki. Da aka komar da shi kan mai sauƙin da ya iya da, shi ma ya rikice masa. Duk wanda ya taɓa ɗora wa yara rabawa ba su gama riƙe sau ba, ya ga wannan a fuskokinsu.

Game da barci kuwa, nan ne malamin ya yi tuntuɓe. Karnukansa su kan yi ta gyangyaɗi a kan tebur, musamman in ana ta maimaita alamar da ba nama a bayanta. Ya ce dannewar nan da ke kashe sabo ita ce ke bazuwa cikin ɓawon ƙwaƙwalwa kamar mai a kan tsumma, in ta game ko'ina shi ne barci. Maganar ta yi daɗin ji, ta kuma yi daidai da abin da mu ke cewa, barci ƙanen mutuwa. Amma shi daga yawu ya ke hasashen abin da ke faruwa cikin kai, bai gani ba. A 1929 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya bayyana hanyar auna lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai. A 1953 kuma Aserinsky da Kleitman a Shikago ta Amurka suka gano cewa sau da dama cikin dare idon mai barci ya kan yi ta motsi da sauri ƙarƙashin fatarsa, ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mai farke, a nan ne kuma a ka fi yin mafarki. Yanzu an san cewa cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana. 'Yan'uwana da ke kwana a aji da ƙafa cikin bokitin ruwa daren jarrabawa, ku ji da kyau.

Ana cikin wannan aiki duniya ta juye masa. A 1917 aka yi juyin mulki a Rasha, yaƙin basasa ya biyo baya da yunwa. Kuɗin kyautarsa ya salwanta. Ɗansa Viktor ya mutu da zazzaɓi a 1919. Karnuka suka yi ta mutuwa don rashin abinci, tsoho mai shekara 70 ya koma noman dankali a bayan ɗakin gwaji, yana tsintar itacen wuta. Ya nemi izinin barin ƙasar. Lenin bai so a ce babban masanin Rasha ya gudu ba, sai a 1921 ya sa hannu a takarda cewa a ba shi duk abin da aikinsa ke bukata. Ya karɓi taimakon, amma bai sayar da bakinsa ba. Ya riƙa sukar masu mulki a fili a zamanin da ƙaramar magana ke kai mutum kurkuku. Shi kansa ya daɗe da barin addini a zuciyarsa, ko da ya ke matarsa mai ibada ce ƙwarai. Duk da haka, a 1924 da aka kori 'ya'yan limamai daga makarantar likitocin soja inda ya ke koyarwa, sai ya ajiye aikin, domin shi ma ɗan liman ne.

A watan Satumba na shekarar nan kogin Neva ya cika ya malale birnin, wanda a lokacin aka sake wa suna Leningrad (an mayar masa da sunansa na da a 1991). Ruwa ya shiga ɗakunan karnuka har suna ɗaga hanci sama suna neman numfashi. Da ƙyar ma'aikata suka fid da su, suka bi da su ta cikin ruwa zuwa babban gini. Bayan haka waɗansu karnukan suka watsar da duk abin da aka koya musu. Aka yi ta fama har suka komo daidai. Sa'an nan wata rana aka zuba ɗan ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin da ɗayansu ke tsaye, nan take ya firgice, aiki ya sake rushewa. Ba duka karnukan abin ya taɓa haka ba, waɗansu ko a jikinsu. Wannan ya sa Pavlov ya ba da sauran shekarunsa ga bambancin hali tsakanin dabba da dabba, har ya riƙa zuwa asibitin masu taɓin hankali yana duba marasa lafiya.

Ba zan ɓoye abin da ya dame ni a tarihinsa ba. Karnuka da yawa sun mutu a wurin fiɗar nan kafin a gwanance. Wani almajirinsa kuma, Krasnogorsky, ya yi irin gwajin yawun nan a kan yara. Yau ba za a yardar wa kowa ya yi haka ba. Sa'an nan ban yarda cewa dukan koyo amsar sabo ne ba. Yarinyar nan ba sabo ne ya koya mata ba da canji ba, ta gane yadda kuɗi ke aiki ne. Masu bincike na baya, kamar Rescorla a 1968, sun nuna cewa ko dabbar ma ba haɗa abu biyu kawai ta ke yi a makance ba, tana lura ne da wace alama ce ke faɗin gaskiyar abin da ke tafe. Amma tushen maganarsa ya tsaya. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, an kuwa tabbatar cewa in aka koyi abu, mahaɗar da ke tsakaninsu ce ke ƙara ƙarfi ko ta ragu. Eric Kandel ya nuna wannan a jikin wani dodon koɗi na teku, ya sami kyautar Nobel a 2000.

Mutum ne mai zafin rai, ya kan zazzage almajiri da faɗa da safe, da yamma ya manta. Ba ya makara, ba ya kuma gafarta wa mai makara. Har ya tsufa yana wasan jifan sanduna irin na ƙauyen Rasha, yana aikin lambu. A 1935 masanan aikin jiki na duniya suka yi babban taronsu a Rasha, shi ne shugaba. Kafin shekarar ta ƙare ɗansa Vsevolod ya rasu. Shi kuma ciwon huhu ya kama shi cikin sanyin hunturu, ya mutu ran 27 ga Fabrairu, 1936, yana da shekara 86.

A harabar ma'aikatar binciken da ya shugabanci sashenta tun 1891 akwai gunkin kare zaune bisa dogon dutse. Shi ya roƙa a yi shi, aka kafa a 1935, yana da rai.